Idan mota ta yi haɗari, katin lafiya ne zai biya ko inshorar motar?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiyar da ke cikin wannan zaure da duk wanda ya san harkar inshora. A makon jiya wata Golf da ta ɗebo fasinja daga kasuwar Gujungu ta yi taho-mu-gama da kurkura a hanyar Ringim, kuma mutum biyu daga ƙauyenmu suna ciki. Ɗaya ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ake cire kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashinsa duk wata, ya karye a cinya. Ɗayan manomi ne, ba shi da kati kowane iri, ya karye a hannu kuma ya fashe a ka. Da iyalan ma'aikacin suka nuna katinsa, sai wani ya ce musu kati ba ya ɗaukar haɗarin mota, wai wannan aikin inshorar mota ne. Da aka je wa mai motar, sai ya ce takardarsa ta nuna wa 'yan sanda ce a hanya, bai taɓa jin an biya kowa da ita ba. Yanzu haka an fara sayar da tumaki da riɗin bana don jinya. Wane ne ya kamata ya biya?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba su lafiya, ya sa kaffara ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar da aka faɗa wa iyalan nan ba haka take ba. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS, aka kuma sabunta dokarta a 2022 ta koma NHIA, tana da jerin raunukan da ta ce ba ta biya: na yaƙi da tarzoma, na bala'o'i irin girgizar ƙasa, na wasanni masu haɗari kamar dambe da kokawa da tseren mota ko na dawaki, sai raunin wurin aiki wanda wata doka ta daban ta riga ta ɗauki nauyinsa. Fasinjan da ya biya kuɗin mota yana dawowa daga kasuwa ba ya cikin wannan jeri. Hukumomin jihohi, wato JICHMA a Jigawa da KSCHMA a Kano, kowacce tana da nata jerin ayyukan da take biya, don haka kada iyalan su tsaya ga maganar wanda suka haɗu da shi a bakin taga. Su nemi jami'in da ke kula da masu kati a asibitin, in bai gamsar da su ba su wuce ofishin hukumar, su ce a nuna musu a rubuce inda aka cire haɗarin mota.

Amma kada in ɗora ku a kan zaton kati zai share komai. Kati yana manne ne da ƙaramin asibitin da mutum ya zaɓa, kuma kafin babban asibiti ya yi tiyata a kan asusun hukuma sai an samo lambar izinin turawa. Mai haɗari kuwa ba ya zaɓar inda za a kai shi, duk asibitin da ya fi kusa nan masu ceto za su ajiye shi. Idan dangi ba su sanar da hukumar a ranar farko ko ta biyu ba, sai ka ga an yi ta biya daga aljihu, daga baya kuma karɓo kuɗin ya zama aiki. A tsarin tarayya mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, da rabin kuɗin babban hoto irin na kai, kuma kwanakin gado suna da iyaka a shekara. A abin da nake gani a wurin aiki, inda gardama ta fi tasowa shi ne kuɗin ƙarfen da ake sa wa ƙashin cinya, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a duk jinyar. A tambayi matsayinsa tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Tsohon Direba:
Hajiya, na gode da bayani, amma ki yi haƙuri in faɗi abin da idona ya gani. Na daɗe ina jan mota tsakanin Haɗeja da Kano. Wani dare na ɗauko wani yaro ɗan acaɓa da na tarar a gefen titi, ƙafarsa ta juya baya, na naɗe ta da rawanin wani fasinja, jini ya jiƙa kujerar baya sharkaf. Da muka isa wani asibiti, abin da aka fara miƙo mini 'yar takarda ce: safar hannu, ruwa leda biyu, allura, zaren ɗinki, a je a sayo a kemis na waje. Ban san yaron ba, ban san danginsa ba, kuɗin cinikin ranar na zazzage. Babu wanda ya tambaye ni kati, kuma ko da yana da shi, wa zai laluba aljihun wanda ba ya cikin hayyacinsa? Saboda irin wannan ne direbobi da yawa suke tsoron tsayawa.

Maman Khalifa:
Baba, Allah ya saka maka da alheri, kuma ba zan musa maka ba, don ni ma na sha rubuta irin wannan takarda idan kabad ɗin gaggawa babu komai a ciki. Sai dai ya kamata mu san haƙƙinmu ko da ba a cika ba mu shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Ita wannan doka ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Da wannan kason ake tafiyar da shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na NEMSAS, wanda a asibitocin da aka sa cikinsa yake ɗaukar nauyin awa 48 na farko, ko mutum yana da kati ko ba shi da shi. Saboda haka manomin da Malam ya ambata shi ma yana da abin da zai tambaya. Kuma duk wanda ya tarar da haɗari ya kira jami'an kiyaye haɗurra a 122, kyauta ne. Ba don ceto kaɗai ba, har don a samu hukumar da ta rubuta cewa abin ya faru, a wuri kaza, da mota mai lamba kaza.

Abu Maryam:
Assalamu alaikum. Ina aikin inshora a Kano, amma asalina ɗan ƙasar Gaya ne, kuma maganar mai Golf ɗin nan ta dame ni, domin ita ce fahimtar mafi yawan masu motoci a wajenmu. Inshorar dole da ake yi tare da takardun mota ba haraji ba ce. Dokarta ta samo asali tun 1945, kuma manufarta ita ce idan motarka ta yi wa wani ɓarna, kamfani ya biya shi a madadinka. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, maimakon 5,000 da ake biya a da. Babur 3,000, Adaidaita Sahu 5,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. A motar gida, diyyar dukiyar da aka lalata tana kaiwa naira miliyan 3. Rauni da rasa rai kuwa ba a yanka musu wannan iyaka ba, ana duba girman cutarwar ne. Wanda ba ta ɗauka shi ne mai motar kansa da motarsa.

To me ya sa ba a jin an biya kowa? Babban dalili shi ne takardun bogi. Mutum ya ba wa ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasin, aka bugo masa takarda mai tambari da hatimi, alhali sisi bai shiga asusun wani kamfani ba. Gane wannan ba wuya: a danna *565*11# a kowace irin waya, a sa lambar motar, za a ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Malam, wannan shi ne abu na farko da za ku yi yau, ga Golf ɗin da kuma kurkurar. Na biyu, motar da ke ɗaukar fasinja don kuɗi amma aka yi mata takardar motar gida don sauƙi ta saɓa wa sharaɗin yarjejeniya, kuma nan ne kamfani yake samun hujjar jan ƙafa. Na uku, kamfani ba ya biya da labarin baki. Yana buƙatar rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da rasiɗan duk abin da aka kashe, sannan mai motar ya sanar da shi da wuri. Rasiɗin kemis da ake dunƙulewa a jefar a ƙarƙashin gadon asibiti kuɗi ne. A samu leda ɗaya a riƙa tara su, a ba mutum ɗaya amanarta.

Kuma babu karo tsakanin hanyoyin biyu. Kati ya ɗauki jinya yanzu, domin ƙashi ba ya jiran takardu. Abin da kati bai biya ba, da asarar watannin da mutum zai yi kwance ba noma ba kasuwa, shi ake bi a wurin inshorar motar da ta yi laifi.

Mai Unguwa:
Ɗana Abu Maryam, na ji bayaninka, amma ka san yadda muke zaune. Direban nan ɗan garin maƙwabta ne, akwai auratayya tsakaninmu da su, kuma ba da gangan ya yi ba. Al'adarmu idan irin wannan ta faru, dattawa su zo da direba, a jajanta, ya kawo abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce, an yafe. Idan muka ce sai rahoton 'yan sanda, za a tsare mota, a tsare yaro, iyalinsa su rasa abinci, zumunci kuma ya lalace. Ni a ƙofar gidana ake irin wannan sulhu, kuma ban ga aibinsa ba.

Abu Maryam:
Ranka ya daɗe, ba sulhu nake suka ba, gaggawar yinsa nake jin tsoro. A cikin sharuɗɗan inshora akwai cewa mai mota kada ya amsa laifi ko ya ƙulla yarjejeniyar biya ba da sanin kamfani ba. Idan aka zauna a ƙofar gidanka aka rubuta cewa an yafe kuma magana ta mutu, wanda ya fi kowa cin ribar wannan takarda shi ne kamfanin da ke birni, ba direba ba, ba kuma majinyaci ba. Ana iya yafe wa direba tsarewa da shari'a, a ce ba a neman ko kwabo daga aljihunsa, amma a roƙe shi ya tsaya a yi rahoto, ya kai wa kamfaninsa. Kuɗin da ya biya tun farko ai don wannan ranar ya biya shi.

Gwaggon Yara:
Ku gafarce ni in sa baki cikin maganar manya. Maigidana motar itace ce ta buge shi a kan babur yana dawowa daga kasuwar Wudil, ya kwana huɗu a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku ina cikin ɗaki ina takaba, na ji an yi fatiha a zaure. Daga baya ƙaninsa ya leƙo ya ce mini mai mota ya zo da buhun shinkafa da 'yan kuɗi, kuma 'yan uwa sun yafe. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi yaran, babbansu a lokacin bai gama firamare ba. Bashin asibitin ni na biya shi da akuyoyina. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san mutuwa ɗaya ce kuma lokacinsa ne ya yi. Amma, ranka ya daɗe, idan za a yi sulhu a ƙofar gidanka, a riƙa aikawa cikin gida a ji ta bakin wadda za ta riƙe marayun.

Malam Na'ibi:
Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Baiwar Allah, maganarki tana da tushe a Shari'a. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka yi sadaka da ita. Diyya gado ce, matar mamaci tana da kaso, 'ya'yansa suna da kaso, kuma kowa nasa kason kaɗai yake da ikon yafewa. Kason yaron da bai balaga ba dukiyar maraya ce, baffansa ba shi da hurumin kyautar da ita don a ce masa mai kirki. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta soke haƙƙi.

Akwai kuma masu cewa inshora gaba ɗayanta haramun ce, don haka ba sa yankar kati, ba sa kuma karɓar diyya. A nan akwai rarrabewa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a ciniki, ta haramta ta, amma ta halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da agaza wa juna. Malamai suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan guzurinsu ya yi ƙaranci suke tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su. Sannan tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure suke haɗuwa su biya diyya, yana nuna cewa raba nauyin kuskure a kan jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Asusun lafiyar da ma'aikata ke zuba wa kuɗi don a yi wa wanda ya kwanta magani ya fi kusa da wannan. Inshorar mota kuwa hukuma ce ta tilasta ta, kuma yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya yi tasa a wurinsu. Shi kuwa wanda aka raunata, haƙƙinsa yake karɓa daga wanda ya ji masa ciwo, ko ta hannun wa ya fito.

Mai Unguwa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Daga yau ba za a rufe irin wannan magana a wurina ba sai an ji daga cikin gida. Amma ina da wata tambaya ga Hajiya. Dangin manomin suna shawarar su ɗauke shi su kai shi wurin mai ɗori, domin shi ba ya neman kuɗi kafin aiki, kuma mun ga waɗanda ya ɗora suka warke suna noma.

Maman Khalifa:
Ranka ya daɗe, don Allah a dakatar da su. Na san abin da ke kai mutane wurin mai ɗori: yana kusa, yana karɓar abin da aka ba shi, kuma ba ya yi wa kowa tsawa. Karayar da ba ta goce ba takan haɗe ko a wurin wa. Amma wannan bawan Allah yana da rauni a ka, kuma jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum yana magana lafiya lau yau, gobe a ga yana amai, yana yawan barci, ya daina gane mutane. Mai ɗori ba shi da abin da zai ga wannan. Game da hannun kuma, abin da muke gani shi ne a ɗaure karare tamau a kan wurin da yake kan kumbura, jini ya daina zagayawa, yatsu su yi sanyi, su daina jin taɓi, su fara baƙi. Idan aka kai wannan matsayi, ko an garzaya Asibitin Ƙashi na Dala sau da yawa abin da ya rage shi ne yankewa. In kuwa ƙashi ya huda fata, to ƙazanta ta shiga, sai an wanke a ɗakin tiyata.

Ta fuskar kuɗi ma asara ce. Ranar da suka sa hannu cewa sun ɗauke shi ba da yardar likita ba, rahoton likita ya tsaya a nan, kuma mai ɗori ba ya ba da rasiɗin da kamfani zai karɓa. Idan ya samu sauƙi, ya je asibitin matakin farko na mazaɓarsu ya tambayi rajistar masu ƙaramin ƙarfi da ake yi a ƙarƙashin asusun da na ambata, wadda ake fifita masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, da talakawa. Ba za ta biya abin da ya wuce ba, amma za ta amfani gidansa nan gaba.

Baban Sadiya:
Na aika wa dangin duka biyun wannan bayani. Abin da ke ci mini rai shi ne, lokacin da tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, duk ƙasa ta ji, manya suka zo, aka tara gudummawa, kuma hakan ya dace. Amma haɗarin mutum biyu ko uku da ake yi kusan kowace ranar kasuwa a hanyoyinmu ba mai jin labarinsa, kowane gida shi kaɗai yake ɗaukar nasa. Ina ganin ƙungiyar direbobi ce ta fi kowa ikon gyara wannan. Idan tana iya karɓar kuɗin lodi daga kowace mota kafin ta tashi, tana iya duba ko inshorarta ta gaske ce kafin a ba ta layi.

Tsohon Direba:
Malam, shawararka mai kyau ce, kuma zan kai ta zaman tasharmu. Amma ku san halin da direba yake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ke saura bayan an sha mai, an biya balas ɗin mai mota, an sallami na kan hanya, bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ake sa biyu a gaba, huɗu a baya. Tun Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan takardar inshora, abin da yaranmu suka koya shi ne a riƙe takarda, ba a riƙe ta gaske ba. Idan na tashi a gabansu na ce su ƙara kuɗi su yi ta motar haya, tambayar farko da za su yi mini ita ce wa aka taɓa biya. Abu Maryam, in kana so maganar nan ta shiga, ka zo da kanka ranar zaman, ka zo da ainihin farashin ta motar haya, ka kuma zo da shaidar wani da kamfani ya biya, ko da an rufe sunansa.

Abu Maryam:
Na amince, Baba, ka sanar da ni ranar. Zan zo da farashin, da na kamfanonin takaful don waɗanda suka fi son su, da takardun biyan da aka yi bayan na nemi izinin ofis an kuma rufe sunaye. Ina roƙon kowane direba ya zo da takardarsa da wayarsa, mu duba lambobin motocin ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Sai dai zan faɗa musu a wurin cewa takardar motar haya tana ambaton adadin fasinjan da aka yarda motar ta ɗauka, kuma wanda ya wuce wannan adadi ya ba kamfani abin kamawa ranar da za a nemi diyya. Don haka a sa maganar ɗaukar fasinja biyu a kujerar gaba cikin abin da za a tattauna, kuma a gayyato shugaban 'yan kamasho, tunda su ne suke loda motar.